Danna Riset Ba Sharewa Ba Ne: Abin da Tsohuwar Rauta Ke Fita da Shi

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2023, masu bincike na kamfanin tsaron intanet ESET sun shiga kasuwar kayan hannu suka sayi tsofaffin rautoci 18, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da intanet, irin manyan nan da kamfanoni ke ɗora harkarsu a kai, ƙirar Cisco da Fortinet da Juniper. Ɗaya ta iso a mace, biyu kuma tagwaye ne masu saiti iri ɗaya, sai lissafin ya tsaya a 16. Daga cikinsu 9 sun zo da saitin tsofaffin masu su yana nan daram. Biyar kacal aka share yadda ya kamata. Kowace ɗaya cikin taran nan tana ɗauke da abin da ya isa a gane kamfanin da ya yi aiki da ita, kuma kowace na da ko dai bayanan shiga VPN, wato kulallen ramin da ake bi ta intanet a shiga hanyar sadarwar kamfani, ko kalmar sirrin babban mai kula da aka niƙa, wato aka juya ta da lissafi yadda ba a karanta ta kai tsaye. Masu binciken ba su ciro cif ba, ba su yi amfani da kayan tono bayanai ba. Kunnawa suka yi suka karanta.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 2008 wani ma'aikacin tsaron kwamfuta a Ingila ya sayi na'urar VPN ta Cisco a eBay kan ƙasa da fam ɗaya, yana jona ta da intanet ta haɗa kanta da hanyar sadarwar cikin gida ta ƙaramar hukumar Kirklees, ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Shekara 15 tsakanin labaran biyu, kuskuren bai canza ba.

Dalilin da ya sa ake raina lamarin a fili yake. In za a zubar da sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ko laftof, kowa ya san akwai faifai a ciki, kuma kowa ya ji labarin abin da ake samu a tsohon faifai. Rauta da suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin cikin gida da juna, kuwa ana ganinsu kamar bututu ne kawai, bayanai su shiga ta nan su fita ta can. Gaskiya ne ba sa ajiye saƙonnin da ke wucewa ta cikinsu. Amma suna ajiye abin da ya fi saƙonnin daraja, wato taswirar gidan da mabuɗansa. Fayil ɗin saiti guda ɗaya yana gaya wa mai karatu yadda aka rarraba adireshin IP, wace sabar ce ke riƙe da asusun ma'aikata, wane kamfani ne aka buɗe wa ƙofa ta musamman, wace tasha aka toshe kuma wacce aka bari a buɗe. Injiniyoyi ma na da ɗabi'ar rubuta bayani a jikin kowace tasha don su tuna, har da sunan reshe da lambar layin kamfanin sadarwa da sunan wanda za a kira in an sami matsala. Mai son ya yaudari ma'aikaci ta waya ba ya bukatar fiye da haka.

Sai batun mabuɗan, kuma nan ne na fi son a tsaya. Kalmar sirrin da mutum ke shiga na'ura da ita ana iya niƙa ta, a ajiye niƙaƙƙen kawai, don na'urar ba ta bukatar sanin ainihin kalmar, gwadawa kawai take yi ta ga ko sun dace. Amma akwai sirrikan da ita kanta rauta ce ke gabatar da su ga wasu: mabuɗin IPsec da take buɗe ramin VPN da shi, sirrin da ke tsakaninta da sabar RADIUS ko TACACS+ mai tantance masu shiga, mabuɗin da take gaisawa da maƙwabtan rautoci da shi a OSPF ko BGP, tsarin da suke musayar bayanin hanyoyi da shi, kalmar PPPoE da take shiga wurin mai ba da intanet da ita, kalmar Wi-Fi. Waɗannan ba sa niƙuwa. Dole na'urar ta iya dawo da su a fili duk lokacin da ta tashi, ba tare da wani ya tsaya a kanta ba. Duk abin da na'ura za ta iya buɗewa ita kaɗai, wanda ya riƙe na'urar a hannunsa yana kusa da buɗe shi.

Shi ya sa yawancin abin da ake gani a fayil ɗin saiti kamar an ɓoye shi, lulluɓi ne kawai. Nau'in kalmar sirri na 7 a Cisco ana warware shi nan take, kuma an san haka tun shekarun 1990. Sirrikan Juniper masu farawa da $9$ su ma suna komawa yadda suke. A FortiOS, manhajar na'urorin Fortinet, an taɓa gano cewa mabuɗi ɗaya tak da aka dasa cikin manhajar shi ke kulle sirrikan da ke kwafin ajiya, abin da aka yi wa rajista da lamba CVE-2019-6693. Ko niƙaƙƙun ma ba duka ke da ƙarfi ba. Nau'i na 4 na Cisco an gano a 2013 cewa an yi kuskure wajen gina shi, nau'i na 5 kuma tsohon MD5 ne da kwamfutar yau ke gwadawa da sauri. A 2022 hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta fitar da jagora tana ba da shawarar a koma nau'i na 8. Kuma da yake kamfani kan yi amfani da sirri ɗaya a na'urori ɗari, tsohuwar da aka sayar tana iya riƙe da mabuɗin sababbin da ke aiki a yau.

To me ya sa riset, wato mayar da na'ura saitin masana'anta, ba ya isa? Saboda ba don sharewa aka ƙirƙire shi ba. An yi shi ne don a ceto na'urar da saitinta ya rikice ko aka manta kalmar sirrinta, ta tashi kamar sabuwa a ci gaba da aiki. Mai ƙera ta yana tunanin kai ne za ka ci gaba da riƙe ta, har yakan yi maka alheri ya ajiye tsohon saitin ko za ka yi nadama. A rautocin kamfanin MikroTik, umarnin reset-configuration yana fara ajiye kwafin tsohon saiti kafin ya taɓa komai, sai dai in an ce masa skip-backup=yes. A tsofaffin suwic na Cisco Catalyst irin 2960, riƙe maɓallin Mode yana sauya wa fayil ɗin config.text suna ne zuwa config.text.renamed, fayil ɗin na nan kwance a filash, wato cif ɗin ajiya na na'urar. A Junos, manhajar na'urorin Juniper, load factory-default yana musanya saitin da ake aiki a kai, alhali tsarin yana iya riƙe tsofaffin saituna har 49 don komawa baya, ga kuma saitin ceto idan an taɓa ajiye shi.

Har umarnin da aka fi amincewa da su suna da iyaka. A Cisco IOS, write erase yana share saitin tashi ne kawai. Jerin VLAN, wato sassan da aka raba hanyar sadarwar, yana zaune a wani fayil dabam mai suna vlan.dat, kuma shi ya sa mutum kan share suwic ya tayar da shi ya tarar da sunayen sassan kamfanin suna kallonsa. Fayilolin crashinfo da na'ura ke rubutawa in ta faɗi suna nan. Kwafin da wani injiniya ya ajiye da suna config.old kafin wani gyara na shekarun baya yana nan. A wasu tsofaffin tsarin fayil na Cisco ma, delete alama kawai yake sa wa fayil, undelete ya dawo da shi, sai an yi squeeze yake tafiya. Ban da filash na ciki, akwai katin CompactFlash ko SD da aka manta a rami, da sandar USB a baya, da faifan ajiye rajistar aiki a manyan na'urorin tsaro, da katin SIM a rautar da ke amfani da layin waya. Idan suwic da yawa aka haɗa wuri ɗaya, kowane yana da nasa filash da nasa kwafin saitin. Idan babbar na'ura ce mai katin sarrafawa biyu, na biyun yana riƙe da duk abin da na farko ya sani.

A ce an bi duk waɗannan an share. Saura abin da ke ƙasa da fayil, wato yadda ita ƙwaƙwalwar filash take aiki, kuma wannan ne ɓangaren da ya bambanta ta da faifan maganaɗisu. A faifai ana iya rubuta sabon abu daidai inda tsohon yake. Filash ba ya yarda da haka. Rubutu a cikinsa yana juya 1 ne zuwa 0, ba ya iya mayar da 0 zuwa 1 sai an share bulo guda ɗungurungum. A filash nau'in NAND ana rubutu a shafi mai girman kilobait 2 ko 4, amma sharewa sai a bulo mai shafuka da yawa, sau da dama kilobait 128 ko fiye. Kamar allo ne da aka rubuta da tawada: ba a goge harafi ɗaya, sai dai a wanke allon duka. Kuma kowane bulo yana da iyakar yawan wankin da zai ɗauka kafin ya gaji.

Saboda haka masu tsara manhaja suka yi dabara. In an gyara fayil, sabon yana sauka a wani shafi mai tsabta, tsohon a sa masa alamar ya daina aiki, a bar shi har ranar da ake bukatar wurin. Ana kuma zagaya rubutun ko'ina don kada wani bulo ya riga sauran lalacewa. Tsarin fayil irin JFFS2 da UBIFS, waɗanda ƙananan rautoci masu Linux ke amfani da su, haka suke aiki. Katin SD da eMMC da SSD kuma suna da ɗan ƙaramin mai sarrafawa a ciki da ke yin wannan zagayen a ɓoye, yana kuma riƙe da wani wuri na rara da manhajar na'urar ba ta ma ganinsa. Bulon da ya fara ba da matsala akan jingine shi gefe da abin da ke cikinsa. Sakamakon shi ne kalmar sirrin da aka canza tun bara tana iya kasancewa a cif ɗin har yanzu, ita da wadda ta gabace ta.

Wannan ne ya sa tsohuwar al'adar rubuta shara a kan fayil sau uku ko bakwai, ko sau 35 na hanyar da Peter Gutmann ya wallafa a 1996, ba ta da tabbas a nan. An tsara ta ne don faifan maganaɗisu na wancan zamani. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka gwada hanyoyin sharewa a kan SSD ta hanyar ciro cif suna karantawa kai tsaye. Suka ga rubutu a kan fayil guda yana barin bayanai a baya, suka kuma sami na'urar da ta ba da rahoton ta share komai alhali bayanan na nan. Injin maganaɗisu mai kashe faifai shi ma ba ya yi wa filash komai, don filash caji yake ajiyewa, ba maganaɗisu ba.

Kada a ɗauka karanta cif aikin hukumar leƙen asiri ne. Ƙananan rautoci da yawa suna ajiye komai a cif ɗin SPI mai ƙafa takwas. Da ɗan matsewa da ake maƙala wa ƙafafun, da na'urar karatu irin CH341A, da manhajoji na kyauta irin flashrom da binwalk, ana kwashe abin da ke ciki a warware shi, sau da yawa ba tare da an cire cif ɗin daga fanel ba. Ɗalibi mai sha'awa yana iya yi a teburinsa.

Jagorar da aka fi komawa gare ta a wannan fanni ita ce SP 800-88 ta hukumar ma'aunai ta NIST ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 2006 aka sabunta ta a 2014. Ta kasa aikin mataki uku. Na farko shi ne sharewar da za ta hana mai amfani da umarni da kayan aiki na yau da kullum samun komai. Na biyu shi ne wadda ko ɗakin gwaje-gwaje ba zai iya dawo da bayanan ba, na'urar kuma ta ci gaba da amfani. Na uku shi ne lalata ma'adanar gaba ɗaya. Abin lura, a jadawalin bugun 2014 rauta da suwic sun sami matakin farko ta hanyar cikakken riset na masana'anta, amma da aka zo mataki na biyu sai jagorar ta ce yawancinsu ba su da wannan damar, a tambayi mai ƙera na'urar ko a wuce zuwa lalatawa. Ni a ganina wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka faɗa kan lamarin.

Kamfanoni sun ɗan gyara tun daga lokacin. Junos yana da request system zeroize, mai cire saituna da rajista da mabuɗai, idan aka ƙara media kuma ya bi ma'adanar yana gogewa, abin da ke cin lokaci sosai. Sababbin na'urorin Cisco masu IOS XE suna da factory-reset all, wasu har da zaɓin secure. FortiGate na Fortinet yana da execute factoryreset, amma faifan rajista aikinsa dabam ne, da execute formatlogdisk ko execute erase-disk. A MikroTik, Netinstall yana sake fomatin ma'adanar ya ɗora manhaja sabuwa, wanda ya fi riset nisa. Ma'aunin eMMC tun daga sigar 4.5 yana da umarnin Sanitize mai tilasta share bulon da aka jingine, sai dai amfaninsa ya dogara ga ko manhajar na'urar tana kiransa. Abin da umarni ɗaya ke yi yana bambanta daga ƙira zuwa ƙira, daga siga zuwa siga, don haka takardar ainihin na'urar da ke gabanka ita ce hujja, ba abin da aka saba yi a wata ba. Manyan masu ƙera kaya kan fitar da takardar da ke lissafa kowace ƙwaƙwalwa da ke cikin na'ura da yadda ake share ta, kuma ana iya neman ta.

Masu OpenWrt, wato manhajar Linux ta kyauta da ake ɗora wa rauta, da makamantansa suna da wata dama da wani haɗari. Tsarin yana da sashe na karantawa kawai da kuma sashen rootfs_data inda duk canje-canje ke sauka. Umarnin firstboot, in sashen na kan aiki, share fayiloli yake yi, da duk abin da muka faɗa kan share fayil a filash. Amma da yake a irin waɗannan na'urori ana iya kaiwa ga ɗanyen cif ba tare da mai sarrafawa a tsakani ba, ana iya share sashen bulo-bulo da mtd ko flash_erase, a sake karantawa a tabbatar babu komai sai 0xFF, wato alamar wurin da aka share. Haɗarin shi ne wuce gona da iri. Manhajar tayarwa na nan a cif ɗin, haka ma sashen da ke riƙe da adireshin MAC, wato lambar shaidar na'urar a hanyar sadarwa, da ma'aunin rediyon Wi-Fi, wanda ake kira ART a na'urorin Atheros. Kowace na'ura da nata, in ya tafi Wi-Fi ya tafi. Ana gudun ɓarin sirri a ƙare da akwatin da ba ya tashi.

Hanya mafi tsabta ita ce a kulle ma'adanar tun ranar farko da mabuɗin da ke zaune a wani cif na musamman kamar TPM, ranar rabuwa a hallaka mabuɗin, duk ragowar da ke filash ta zama shirme. Amma sai an kunna ta kafin a rubuta sirri na farko. Bankin Morgan Stanley ya koyi wannan da tsada: a 2022 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 35, kuma cikin abin da ta gano akwai na'urori 42 na rassa da suka ɓace, waɗanda ke da damar kulle bayanai amma aka shekara da shekaru ba a kunna ba. A wannan shari'ar ce kuma aka ga an miƙa aikin zubar da dubban faifai ga kamfanin jigilar kaya da bai san aikin lalata bayanai ba, har wasu suka ƙare a gwanjon intanet. Miƙa aiki ga ɗan kwangila ba ya ɗauke alhaki, kuma takardar shaidar da ba ta ɗauke da lambar kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya ba ta tabbatar da komai.

Duk da haka, ina ganin an fi ba sharewa muhimmanci fiye da abin da ya kamata ya riga ta. Sirri yana da amfani ne muddin ɗaya ɓangaren yana karɓarsa. Na'urar Kirklees ta shiga ne saboda ƙofar da ke can ciki ba ta daina amincewa da ita ba. Tun da ba kullum ake iya tabbatar da cewa filash ya tsarkaka ba, abin da ke hannun mai kula ɗari bisa ɗari shi ne ya kashe amfanin abin da ke ciki: ya cire na'urar daga jerin waɗanda sabar RADIUS da TACACS+ ke saurara, ya rushe ramin VPN daga ɗaya bakin, ya soke takardar shaidarta ta dijital, ya canza kalmar SNMP, wadda ake sa ido kan na'ura da ita daga nesa, da kalmar shiga na'ura idan sauran na'urori na amfani da irinta. In na'urar tana ƙarƙashin kulawa ta intanet, kamar Meraki na Cisco, a cire ta daga asusun kamfanin, domin irin waɗannan suna komawa su ɗauko saitinsu da zarar sun ga intanet. Wannan aiki yana da wahala daidai gwargwadon yadda aka raba sirri ɗaya a ko'ina, kuma wahalar ce ke sa a ɗage shi.

Bayan an share, a tayar da na'urar a jona kebul ɗin konsol a duba da ido: kowace ma'adana, kowane kati, kowane memba na haɗin. A ɓare takardun da aka manna a jiki, don sau da yawa adireshin IP da sunan reshe, wani lokaci har da kalmar sirri, suna rubuce a kai. A rubuta lambar na'urar da hanyar da aka bi da wanda ya yi da ranar. Mai rautar gida aikinsa bai kai haka ba: riset, ɗora sabuwar manhaja, da canza kalmar Wi-Fi da ta asusun intanet a sabuwar rauta maimakon kwafe tsofaffin. Sunan Wi-Fi kansa yana iya nuna unguwa, tun da akwai taswirori a intanet irin WiGLE da ke haɗa sunayen da wuraren da aka gan su.

Mafi wuyar sha'ani ita ce na'urar da ta mutu. Ba ta tashi balle a ba ta umarni, amma filash ɗinta lafiya lau yake, don galibi ɓangaren wuta ne ya ƙone. Irinta ce ake mayar wa kamfani a ƙarƙashin garanti ko a jefa cikin tarkace da tunanin ta riga ta gama. A nan zaɓi biyu ne: ko a cire katin ajiya in mai ciruwa ne, bisa yarjejeniya da mai garantin, ko a lalata cif ɗin kansa. Huda akwati ko fasa fanel gida biyu ba ya wadatarwa, domin cif ɗin bai fi farce girma ba, yana iya fita ba ko ƙwarzane, kuma injin da aka yi don daddatsa faifai yana iya barin gutsuren da ya fi cif ɗin girma. Sai an nemo shi a kan fanel an farfasa shi, ko a kai wa masu injin niƙa kayan lantarki mai fitar da ƙananan gutsattsari. Wadda dole sai an mayar da ita cikakkiya, a lissafa duk sirrin da ke cikinta a matsayin wanda ya fita, a canza su kafin a rufe kwalin.